Tambayi Likita: Foldar mara lafiya, ta yaya ake gane an rubuta abin kirki a ciki?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan watan da yawansu a kan abu ɗaya suka taru, wato folda da kati da takardun asibiti, to sai na ga gara in haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan basir da ciwon baya ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, gari kawai nake ambata.

TAMBAYA: Likita ina wuni ya aiki. Don Allah mahaifiyata ce shekara uku da suka wuce aka ba ta Septrin a wani asibiti, jikinta ya yi ƙuraje fata ta saɓule har cikin baki, sai da ta yi kwana goma sha ɗaya a kwance, likitan ya ce kar a sake ba ta shi har abada. To watan jiya muka koma asibitin dai da ciwon fitsari aka nemi foldarta aka rasa aka buɗe mata sabuwa, wallahi ba don ƙanwata ta karanta kwalin maganin da aka rubuta ba da shi ɗin za ta sake sha. Daga baya an gano tsohuwar foldar, wata nas ta ce mana ko a cikinta ma ba a rubuta zancen a fili ba. Shin muna da ikon ganin abin da aka rubuta? Kuma mu da ba ma'aikata ba ta yaya za mu san an rubuta daidai? Daga Funtuwa.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ita kuma ƙanwar taki Allah ya yi mata albarka don gaskiya ta yi babban aiki. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon da muke kira Stevens-Johnson, sunan wasu likitocin yara ne biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922, kuma ciwo ne da yake kisa, in aka sake shan maganin yana iya dawowa ya fi na farko muni. Kafin zancen folda bari in faɗa miki abin da ya fi gaggawa, ba Septrin kaɗai ba, Fansidar ma na zazzaɓin cizon sauro danginsu ɗaya, duk akwai sinadarin salfa a ciki, don haka shi ma kar ta kusance shi, kuma duk inda za a rubuta mata magani ko a kemis ne ku faɗa tun kafin a ɗauki biro.

Irin wannan bayani wurinsa bangon folda ne daga waje, da manyan baƙaƙe, da jan biro in akwai, sannan a sake shi a saman takardar da nas suke bi suna ba da magani, a sake shi a takardar sallama, a kuma rubuta shi a ɗan katin da ke hannunku. In aka cusa shi a tsakiyar shafi na goma sha huɗu cikin rubutun zagayen safe, to da shi da babu duk ɗaya, don likitan da ke da mutum sittin a layi ba zai buɗe shafi na goma sha huɗu ba.

Ni ma'aunin da nake auna folda da shi guda ɗaya ne, shi nake koya wa ƙananan likitoci tun ranar da suka fara aiki. A taso likitan da bai taɓa ganin mara lafiyar nan ba ƙarfe biyun dare, a miƙa masa foldar, babu wanda zai tambaya, wanda ya kwantar da ita ya tafi gida wayarsa a kashe, mai jinya kuma ba ta san komai ba sai dai ta ce an yi mata allura. In ya karanta ya gane me ya kawo ta, me aka gani da aka duba ta, wane ciwo ake zato, me aka ba ta kuma nawa kuma ƙarfe nawa, yaya jikin ya yi bayan an ba ta, me ake shirin yi gobe, har ya ci gaba da aiki daga inda aka tsaya, to foldar ta yi. In kuwa sai ya yi ta kiraye-kirayen waya ko ya koma yana canka, ba ta yi ba, ko da ta kai shafi ɗari kuma rubutun ya fi na kowa kyau.

Ku da ba ma'aikata ba inda za ku gwada wannan shi ne takardar sallama. Kar ku bar asibiti da baki kawai wai an sallame ku. Ku nemi a rubuta, ku tsaya ku duba ko akwai sunan ciwon da aka yi magani, ranar kwanciya da ranar fita, sunan kowane magani da yadda za a sha da tsawon kwanakin, wanda aka ce a daina, wanda jiki ya ƙi, ranar dawowa, da sunan likitan da ya sa hannu yadda za a iya karanta shi. Abin da babu ku ce a ƙara, da ladabi, ba faɗa ba ne.

Akwai kuma laifin da yake namu ne mu masu zuwa asibiti, dole in faɗa. A layi ɗaya sai ki samu A'isha biyar, uku sunan mahaifinsu ɗaya, yau an rubuta mace da sunan mahaifinta, gobe ɗan rakiya ya ba da sunan mijinta, jibi kuma saboda alkunya surukarta ta ƙi faɗin sunan yanka ta ba da laƙabi, shekaru kuwa kowane zuwa da irin nasa. Haka mutum ɗaya yake tashi da folda uku kowacce da guntun labari. Lambar da ke jikin katin nan ita ce take raba A'isha da A'isha, ku riƙe ta, ku ɗauki hotonta a waya, ku tsaya a kan suna ɗaya.

Maganar iko kuwa, e kuna da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ya buɗe wa mara lafiya bayanansa ya adana su ya kuma tsare sirrinsu, sannan kundin haƙƙoƙin mara lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin samun bayanan lafiyarka cikakku a kan lokaci. Ita foldar kanta ba za a ba ki ki tafi da ita gida ba, a sashen rekod take zama, abin da ake yi shi ne a rubuta takardar neman rahoton likita zuwa ga shugaban asibitin, wasu wuraren akan biya ɗan kuɗi. Sai dai ki sani sirrin na Mama ne, ita za ta nema ko ta ba ki izini a rubuce. In kun samu rahoton ku ce a sa zancen salfa ɗin a ciki ɓaro-ɓaro, ku kuma roƙi a haɗe tsohuwar foldar da sabuwar a lamba ɗaya.

TAMBAYA: Salam Dakta. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na karkara, dutin dare ni kaɗai ce sai mai shara da mai gadi, wani daren mata uku ko huɗu a kan gwiwa, fitila kuma ta waya. Takardar bin naƙuda ɗin nan fatogiraf gaskiya ba na samun cikawa a lokacin, sai gari ya waye an haihu lafiya in zauna in cike ta tsaf, saboda masu zuwa dubawa daga sama ƙirga waɗanda aka cike suke yi. Zuciyata ba ta kwanta da abin ba. Laifi nake yi? Daga wani ƙauye a jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, na san irin daren da kike faɗa kuma ba zan zauna a nan in ɗora miki laifin ƙarancin ma'aikata ba. Amma tunda kin tambaya tsakani da Allah zan ba ki amsa tsakani da Allah, takardar da aka cike bayan an haihu ba ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa ba, kuma lambobin da ba a auna ba in aka rubuta su ƙarya ce ta shiga folda, ko da niyyar mai rubutawa ba ta cuta ba ce. Ita dokar 2014 ɗin da na ambata a sama ta mai da ƙirƙirar bayani ko canza shi a takardun mara lafiya laifi.

Ki tuna dalilin takardar. Wasu likitoci biyu, Philpott da Castle, su suka fito da layuka biyu na gargaɗi da ke jikin takardar a 1972 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kuma don irinku suka yi, ungozomar da ke nesa da ɗakin tiyata. Kina auna buɗewar bakin mahaifa duk awa huɗu kina ɗigawa, bugun zuciyar jariri duk minti 30, in ɗigon ya tsallake layin farko kin san naƙuda ta fara jan ƙafa ki fara neman mota, layi na biyu yana awa huɗu bayansa, shi kuma in an kai gare shi dole a ɗauki mataki. Wato takardar agogo ce mai tashin mutum tun lokaci bai ƙure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon tsari a 2020 da yake fara lissafi daga santimita 5, amma ko tsoho ko sabo amfaninsa a lokacin da mace take kan gwiwa ne, in an cike da safe ya zama ihu bayan hari.

Kuma mai duba folda da ya san aikinsa yana ganewa. Biro ɗaya daga farko har ƙarshe, hannu bai karkace ko sau ɗaya ba, bugun zuciyar jariri 140 tun magariba har asuba, awon jinin kowace mace 120 bisa 80, ɗigo suna tafiya a kan layi kamar da rula aka ja. Naƙudar gaske ba haka take ba. Ni in na ga takarda da ɗan jirwayen ruwa a gefe, awo huɗu kacal a dare guda amma kowanne da lokacinsa na gaskiya, ɗaya 132 ɗaya 150, a ƙasa an rubuta daga ƙarfe 1 zuwa 3 ban samu aunawa ba ina karɓar haihuwa a gado na biyu ni kaɗai ce a duti, wallahi wannan ta fi mini waccan mai tsaf daraja nesa ba kusa ba, don da ita zan iya sanin me ya faru, kuma da ita za a iya zuwa gaban shugabanni a ce ga shaida wurin nan yana buƙatar ungozoma ta biyu. Takardar da kika cike tsaf kuwa cewa take yi mutum ɗaya ya isa, kin ga kin rufe wa kanki ƙofar samun mataimakiya da hannunki.

Don haka abin da kika auna ki rubuta nan take ko a tsaye ne, abin da ba ki auna ba ki bar gurbinsa. In akwai abin da kika yi da gaske amma ba ki samu rubutawa ba sai daga baya, halas ne ki rubuta, sai dai ki sa lokacin da kike rubutun ki kuma ce an rubuta daga baya, abin ya faru ƙarfe kaza. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai yadda na ƙasan zai karantu, ki rubuta daidai a gefe ki sa hannu da kwanan wata, ban da tifes wato farin ruwan nan na rufe rubutu, ban da cuccurawa da biro, ban da yage shafi.

Bari in ba ki labarin da ya sa nake ɗaukar zancen lokaci da zafi. Shekarun baya ina dutin dare a wani asibiti aka kawo wata yarinya cikin fari tana jijjiga, an ɗauko ta a bayan mota daga wani ƙaramin asibiti, surukarta ta miƙo mini 'yar takarda a ninke ta jiƙe da gumi, abin da ke ciki bai fi kalma biyar ba, wai jijjiga ce an ba da magani a taimaka. Wane magani, nawa, yaushe, babu. Ke kin san maganin jijjiga maganeziyam salfet, giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk awa huɗu, kuma kin san in ya yi yawa a jiki numfashi yake dannewa, shi ya sa kafin kowace allura ake ƙirga numfashi a buga gwiwa a duba yawan fitsari. To ga ni tsaye, in an riga an yi mata na sake yi zan iya cutar da ita, in ba a yi ba na tsaya jira jijjigar za ta sake kama ta. Sai da muka juya ta muna neman shatin allura da tocila, ina tambayar tsohuwar nan allurar kafin sallar magariba aka yi ko bayanta, a hannu ko a ɗuwawu, guda nawa, tana kuka tana cewa ita dai ta ga an yi. Allah ya sa yarinyar ta tashi, amma mintunan da muka ɓata a wurin har yau suna raina, kuma layi biyu ne kacal da an rubuta da sun wadatar.

Na kuma taɓa karɓar wata da aka turo da takardar da aka yago daga littafin makaranta, babu hatimi babu komai, amma ma'aikaciyar ta sa awon jini da lokacinsa, sau nawa ta yi jijjiga, maganin da ta yi da yawansa da ƙarfe nawa, ko ta sa robar fitsari, lokacin da motar ta tashi, da sunanta a ƙasa. Kafin a gama sauke ta daga mota na riga na san abin da zan yi. Irin wannan nake so ki zama. Kuma in Allah ya kawo ƙarar kwana, kwamitin da ke bin diddigin mutuwar mata wajen haihuwa da na jarirai babu abin da zai duba sai takardar nan, in ƙarya ce a ciki ba za a taɓa gano inda aka yi jinkiri ba balle a gyara wa ta gaba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi take magana, a rubuta da adalci kar a rage komai, to in dukiya ta cancanci haka ina ga rai.

Masu zuwa dubawa kuma in suna karanta wannan, don Allah ku daina ƙirga takardun da aka cike kawai, ku ne kuke tura su yin hakan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin sashen rekod ne, an sa ni a kwamitin da zai riƙa duba ingancin rubutun folda a asibitinmu, mu biyar ne da likita da nas biyu da mai famasi, amma ba wanda ya taɓa yi. Ta ina za mu fara? Daga Gusau.

AMSA: Madalla ƙanena, kuma ka shiga da ƙarfin gwiwa don wannan fagenku ne, aikin rekod sana'a ce mai hukumar rajista tata a Najeriya tun 1989, ba ɗaukar folda daga kanta zuwa ofis kaɗai ba ne.

Abu na farko kar ku bari wod ya zaɓo muku folda, masu kyau za a kawo. Ku ɗauki rajistar sallama ta watan da ya wuce ku riƙa cire ta goma ta goma har ku samu kamar talatin, wadda aka nema aka rasa kar ku musanya ta da wata, ku rubuta an rasa, don ɓacewar ita ma sakamako ce kuma ta ofishinku ce. Ku ƙara da foldar duk wanda ya rasu da wanda aka tura wani asibiti, a nan ne giɓi ya fi ciwo.

Tambayoyin da za ku riƙa yi wa kowace folda kar su yi yawa, goma zuwa goma sha biyu sun isa, masu amsar e ko a'a: suna da lamba a kowane shafi, kwanan wata da lokaci a kowane rubutu, sunan mai rubutun yana karantuwa, an tambayi maganin da jiki ya ƙi, an auna nauyin yaro, takardar yarda kafin tiyata, takardar sallama, irin waɗannan. Mutum biyu su duba folda ɗaya kowa daban sannan su gwada, in amsarsu tana yawan saɓawa to tambayar ce ba ta fito fili ba, ku gyara ta.

Amma fa wannan duk saman abin ne, folda tana iya cin maki goma bisa goma kuma ba ta da amfani. Inda ake gane gaskiya shi ne a ɗauki zare ɗaya a bi shi har ƙarshe. Misali yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, likita ya rubuta allurar atesunet. Ana lissafa ta da nauyi, miligiram 2.4 a kowane kilo, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3, ana yi a awar farko, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24 daga ta farkon. To ku duba, an rubuta nauyin? Lissafin ya dace da nauyin? Takardar ba da magani ta nas ta nuna allura uku da lokutansu, ko ta biyun babu kuma ba a faɗi dalili ba, ko maganin ne ya ƙare ko iyayen ne ba su samu kuɗin saya ba? An yi gwajin jini, sakamakon ya dawo, akwai alamar wani ya gan shi ya yi wani abu a kai, ko an liƙa shi ne kawai a bayan folda? In rubutun likita da na nas da na famasi da na ɗakin gwaji suka ba da labari ɗaya, an yi aiki. Folda biyar da aka bi haka sun fi hamsin da aka yi wa tik-tik koyar da ku.

Shi rubutun likita na kullum akwai tsarin da wani likitan Amurka Lawrence Weed ya yaɗa a shekarun 1960, wanda ake taƙaitawa da SOAP, abin da mara lafiya ya faɗa, abin da ka gani ka auna, abin da kake ganin shi ne matsalar, sai abin da za a yi. Na ukun nan shi aka fi tsallakewa, sai ka ga kwana biyar a jere an rubuta a ci gaba da magani, ba wanda ya ce yana samun sauƙi ko ba ya samu ko me ya sa. Ku kuma lura da sunan ciwo, maleriya da taifot da ake jerawa tare ba tare da gwajin kirki ba, don daga foldar nan ne kuke ɗauka ku sa lambar ciwo ku cike rajista, ya shiga fom ɗin wata-wata ya hau DHIS2, wato manhajar da ake tattara alƙaluman lafiya, har Abuja, da shi ake lissafin maganin da za a turo, kuma masu inshorar lafiya ma abin da ba a rubuta ba ba sa biya.

In kun gama ku kai sakamakon taron ma'aikata da sunan wod, ban da sunan mutum, wanda ke da matsala ta musamman shugabansa ya kira shi gefe. In aka fara kunyata mutane a bainar jama'a abin da za ku samu shi ne folda masu kyan gani da aka cike da safe. Ku zaɓi abu biyu kawai da za a gyara, ku tambayi me ya hana, wani lokacin za ku tarar sikelin yara ne ya lalace ko takardun ne suka ƙare ana rubutu a bayan tsoho, sai ku dawo bayan wata uku ku sake aunawa da tambayoyin nan dai.

TAMBAYA: Likita wai da gangan kuke cakuɗa rubutu don kar mu gane? Kuma yanzu da asibitinmu ya koma kwamfuta shi ke nan matsala ta ƙare? Wani dattijo daga Zariya.

AMSA: Allah ya ja kwana Baba. Ba da gangan ba ne, sauri ne da sabo da gajerun kalmomin Turanci da Latin, amma hakan bai wanke mu ba, rubutun da mai famasi zai tsaya yana canka kuskure ne kuma yana cutarwa. In aka rubuta insulin 4 aka bi shi da harafin U a gurguje, ana iya karanta shi 40. In aka rubuta 1.0 ɗigon bai fito ba ya zama 10. Shi ya sa ake koyar da a rubuta kalmar a cike, sunan magani kuma da manyan baƙaƙe. In an ba ka takarda ka ce likita karanta mini, haƙƙinka ne.

Kwamfuta ta magance rashin karantuwa da ɓacewar folda, tana kuma sa lokaci da sunan mai rubutu da kanta, wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ta zo da nata ciwon, likita ya kwafi rubutun jiya ya manna a na yau har da cewa akwai zazzaɓi alhali ya sauka tun shekaranjiya, ko ma'aikata biyar su riƙa shiga da lambar sirrin mutum ɗaya ta yadda ba a san wa ya rubuta me ba, ko a ɗauke wuta ko netwok ya tsaya a koma takarda kuma ba wanda ya shigar da na takardar daga baya. Ga kuma ɗaukar hoton bayanan mara lafiya ana turawa a WhatsApp da sunansa a jiki, wanda tona asiri ne, kuma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 a kai.

TAMBAYA: Likita mu nan Nijar karne, wato ɗan littafin asibiti, yana hannunmu muke zuwa da shi likita. Na ɗana ya cika kuma ruwa ya taɓa shi, in jefar in sayi sabo? Wata uwa daga Maraɗi.

AMSA: A'a Hajiya kar ki jefar. Ki sayi sabon amma ki haɗe su da tsohon ki riƙa zuwa da su tare, don ranakun rigakafinsa da nauyinsa na wata-wata da duk ciwon da ya taɓa yi a tsohon suke, kuma a wurinku wani lokacin babu kwafinsu a ko'ina sai nan. Ki roƙi ma'aikaciyar ta kwashe muhimman ta sa a shafin farko na sabon, rigakafin da aka yi da ranakunsu, ko yana da sikila, ko an taɓa ƙara masa jini, da maganin da jikinsa ya ƙi in akwai. Shafukan da ruwa ya taɓa ki shanya su a inuwa ki ɗauki hotonsu a waya tun rubutun bai gama gogewa ba, sannan ki sa su duka a leda, kuma kowane yaro da nasa karne, kar a kai ƙani da na wansa.